Ƙwaryar Ruwan Baƙo

A gidanmu na unguwar Aboabo a Tamale, tatsuniya ba ta jiran dare ya yi nisa. Da an sauke tuwo, Kaka Hawa takan jawo kujerarta bakin murhu, mu jikoki mu kewaye ta kafin garwashin ya mutu. Ta yi shekaru tana bin ƙauyukan Dagwamba da ƙafa tana sayen man kaɗe, shi ya sa ba ta yarda a raina mutanen karkara a gabanta. Mace ce mai kaifin baki, amma ban taɓa jin ta yi wa wani faɗa kai tsaye ba. Sai dai ta yi maka tatsuniya.

Shekarar da Turawa suka buɗe zaɓe a arewacin ƙasarmu, autanta, Kawu Salifu, ya fito neman kujerar wata mazaɓa ta ƙauyuka zalla a bayan Tamale. Ya yi boko, ya bar aikin akawu saboda takarar, in ya faɗi ba shi da wurin komawa. Kowa ya san halin ƙauyukan nan: sukan zauna ƙarƙashin bishiya su tsai da magana, ranar zaɓe kuma su zuba ƙuri'unsu akwati ɗaya. Kawu ya yi ta zagaya su da lasifika da filas ɗinsa na dafaffen ruwa, amma ko'ina sai a gaishe shi da ladabi a sallame shi.

Wani maraice ya zauna kusa da mu yana tsaki. "Mma, mutanen nan kamar tumaki suke, ban san me suke so ba."

Kaka ba ta ko dube shi ba. Ta gyara itace ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri."

Wai dabbobin wani gari ruwansu ya lalace, suka nemi wanda za su aika wa Sarki da kuka. Balbela ta zo fara tas, ga iya magana. Aka miƙa mata ruwan baƙo a ƙwarya, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya sauka. Ta ga ruwan ja wur, ta kai baki kamar ta sha, ta yi godiya ta ajiye. Agwagwa ta zo da tafiyarta ta gwame, aka miƙa mata, ta kwankwaɗa, ta yi tari har da hawaye, ta ce, "Wannan kuke sha?" Nan take gari duka ya ce ita za ta je.

Na ce, "Kaka, ai Balbela ta fi iya magana."

"Ta fi, 'yar nan. To wanda bai sha ba, me zai je ya gaya wa Sarki?" Ta karkaɗe zanenta. "Ta ƙare, mai kunne ya ɗauki rabonsa."

Washegari muka ga filas a rataye a ƙusa, Kawu kuwa ya tafi. Ƙauye bayan ƙauye ya durƙusa gaban dattawa ya shanye ƙwaryar ruwan tafki. Ranar zaɓe, inda kowane ɗan takara ke da akwatinsa da alamarsa, nasa ne ya cika.

Da damina ta zagayo, kurkunu ya fito masa a idon sawu. Kaka ce ke naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya, yana cije baki. Tana yi tana tsokanarsa: "Yauwa, Auta, yanzu ka zama wakili." Amma na gan ta a bayan ɗaki tana share hawaye. Ta san abin da ke cikin ruwan tun kafin ta buɗe baki, kuma ɗanta ne. Da ɗingishi ya shiga majalisa a Ankara, babban birnin ƙasarmu, maganar rijiyoyi kuma ita ce ta farko a bakinsa.

Yau na tsufa, har yanzu ina jin 'yan birni na cewa ƙauyawa ba su san abin da suke zaɓa ba. Raina yakan ɓaci. Mutanen nan ba su karanta takardar kowa ba, amma sun san wanda ya ƙyamaci abin da 'ya'yansu ke sha kullum, ba su kuma yarda su aike shi ba.