Katin da Ramatu Ta Ƙi Kira

Har gobe ranar nan ba za ta fita raina ba, ranar wasan ƙarshe na gasar kati da muka yi a Magaria, wata Asabar bayan an gama cirar gyaɗa. Shekarata ta biyu ke nan a cibiyar matasa ina mai shirya wasanni, kuma ni ne babban arbit, wato alƙalin wasa. Ku sababbi da za ku hau tabur bana ku buɗe kunne, don wannan ba ya cikin kayen da aka raba muku, wato littafin doka.

Ga wanda bai san wasan ba, katunan a Damagaram ake buga su, a sayar biyar-biyar cikin ƙunshi rufaffe, ba ka san abin da ka saya ba sai ka yage. Shi ya sa ranar kasuwa za ka ga manya da gemunsu a tsugune suna musanya. Ba caca ba ce, ko dala ba a zubawa. Kowane ɗan wasa yana farawa da rumbu goma, wanda aka fara cinye wa nasa ya faɗi. Kowane kati da hoton mutum, da sunansa, da baiwarsa, wato abin da yake iya yi a wasa.

Baiwa kuwa ba ta tashi haka kawai, matakai uku ne. Ka biya katin hatsi daidai adadin da aka rubuta a kusurwa. Ka kwantar da katinka a gicciye. Sannan ka kira sunansa. Kati mai baƙin gefe sai a zagayenka. Mai jan gefe kana iya tada shi ko abokin wasa ne ke da hannu, amma cikin minti ɗaya. In ka tsallake mataki, baiwa ba ta tashi ba, hatsinka kuma ya tafi.

Mataki na ukun nan ni na tsaurara shi da hannuna. Shekarar da ta gabaci gasar an kusa dambe a Sassumbrum, wani ya dafe kati da tafi, ya yi gunaguni, da ya ga abin da abokin wasansa ya fitar sai ya ce ai wani katin daban ya kira. Ga shi masu rijiya har uku ne a wasan, Tanko, Delu da Haruna, kowa da baiwarsa. Sai na zauna na rubuta: "Cikakken suna kamar yadda aka buga, da muryar da arbit zai ji." Daraktar cibiyarmu ta sa hannu. Wallahi har na riƙa jin kaina wani babban mutum.

Mutum biyu suka kai ƙarshe, wanda ya ci shi zai wakilce mu a Damagaram. Laminu, mai shagon gyaran waya daga Waca, ya haddace doka fiye da ni. Da safen ranar ma na soke masa baiwa ɗaya don ya haɗiye rabin suna, ya ce ba komai, amma ya kalle ni kallon zan tuna. Ɗayar kuma Ramatu ce, tela daga wani ƙauye na Kwaya, mace ta farko da ta taɓa kaiwa nan. Mijinta ne ya kawo ta a moto, wato babur, ya tsaya bayan igiyar da muka ja, yana riƙe da ɗiyarsu a kafaɗa. Ban tambayi sunansa ba. Me ya haɗa arbit da sunan ɗan kallo?

Wasa ya yi zafi. Laminu saura rumbu ɗaya, Ramatu saura biyu, kuma duk wanda ya iya kallon tabur ya san in hannu ya dawo mata an gama. Laminu ya biya hatsi huɗu, ya kwantar da kati, ya ɗaga murya: "Gambo Mai Gobara!" Baiwar Gambo ƙone rumbu biyu. Daidai abin da ya rage mata.

Ramatu ko gezau. Ta ajiye hatsi biyu, ta zaro kati mai jan gefe ta kwantar a gicciye, a buɗe, kowa na gani. Katin da ke kashe gobara ne. Ta ce, "Maigidan nan mai rijiya."

Wurin ya ɗauki ihu. Laminu ya ɗaga hannu. "Arbit, ba ta kira ba."

Na ce, "Madam, cikakken suna. Kina da minti ɗaya." Na danna agogo.

Ta kira ni da Mushe, wato Malam a Faransancinmu, ta ce a hankali, "Mushe Ibro, ga shi a gabanka. A Kwaya haka nake kiransa, kowa ya sani."

Na ce, "Nan ba Kwaya ba ne."

Kai, wannan magana tawa! Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Sai na ji murya daga bayan igiya: "Ramatu, faɗi kawai, na yafe!" Wasu 'yan Kwaya suka fashe da dariya, wani ya ce, "Haruna ya ba da izini!" A nan ne na gane. Haruna Mai Rijiya. Sunan mijinta ne.

Saura daƙiƙa talatin. Ina da ikon tsai da agogo in kira darakta, yana cikin doka. Ban tsayar ba. Ina ganin idon Laminu, ina tuna ta safe, ina tsoron a ce arbit ya yi son kai don mace ce. Ramatu ta sunkuyar da kai, ta gyara mayafinta, ta ɗora hannu biyu a cinya. Ba ta yi gardama ba, ba ta roƙe ni ba. Agogo ya yi ƙara.

Na ce, "Baiwa ba ta tashi ba. Gobara ta ci." Ta tattara katunanta ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa Laminu barka, ta karɓi ɗiyarta ta goya. Shi kansa Laminun bai yi wata murna ba.

Ranar Litinin darakta, Hajiya Zuwaira, ta kira ni biro, wato ofishinta. Na shiga da kayena a hannu, na shirya kare kaina. Ta ce, "Ibro, kiran sunan nan don me aka sa shi?"

Na ce, "Don kada a ɓoye kati, Hajiya."

"Ta ɓoye?"

Na rufe kayena.

Ta ce, "Hukuncinka ya zauna, ba zan taɓa shi ba, ni ma na sa hannu ban yi tunani ba. Amma gaya mini, kai ba ɗan fari ba ne? Da wane suna Inna take kiranka?"

Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Ibrahim ba. "Kai yaro" take ce mini, ina da furfura a gemu. Kuma ban taɓa jin ta ambaci sunan babana ba, ko sau ɗaya. A gidan na tashi, a hannunta na girma, amma na zauna da biro da takarda na rubuta doka kamar ban taɓa sanin mutanenmu ba.

Ran nan muka ƙara layin da kuke gani a shafi na biyu: wanda kunya ta hana shi kiran suna ya nuna katin a buɗe, ya faɗi lambar da ke ƙasansa, baiwa ta tashi. Da aka fara aiki da shi sai ga masu amfani da shi da yawa, har da wani makiyayi daga Dungas da sunan ɗansa na fari ke kan kati. Ashe da can cire katunan suke yi daga hannunsu su yi shiru, ni kuwa ina cewa ba su iya zaɓe ba.

Bayan sati biyu na hau moto na je Kwaya da kaina. Na tarar da ita a kan keken ɗinki a zaure, Haruna ya shimfiɗa mini tabarma. Na karanta mata sabon layin, na ba ta haƙuri. Na kasa riƙe bakina kuma, na ce, "Amma Madam, ai shi da kansa ya ce ya yafe. Damagaram fa za ki je."

Ba ta ma tsai da keken ba. Ta ce, "Mushe, shekara bakwai ina gidan nan, ban taɓa kiran sunan nan ba ko don ya zo ya ci tuwo. Sai a kan takarda, a gaban taro?"

Ba ta sake shiga gasa ba. Na aika sau biyu, ta ce ɗinki ya yi yawa.

To ku da za ku riƙe agogo bana, ku haddace matakan nan uku, ku tsaya a kansu, kada ku ji tsoron kowa. Amma in ɗan wasa ya biya hatsi, ya kwantar da kati a buɗe, sannan ya yi shiru ya sunkuyar da kai, ku tsai da agogo ku tambaya. Ni daƙiƙa talatin nake da ita, na tsaya ina kallonta har ta ƙare.