Shirun da Baba Ya Bari a Cikin Waƙarsa

Abubuwa da yawa na makon da muka binne mahaifinmu sun shige min duhu, sai an tuna min nake tunawa. Amma rigimar da aka yi a gidanmu a kan shiru, wannan kam ko tsufa ya cinye min hankali ba na jin za ta fita daga kaina.

Baba mai bishara ne a wani ƙauye da ke bayan Bagwai. Iyayensa Maguzawa ne, shi ya fara karɓar addinin Kirista a zuriyarsu, kuma da ƙafarsa ya kwaɓa ƙasar da aka gina 'yar majami'armu. Gidajen Kirista a garin ba su da yawa, sauran maƙwabta duk Musulmi ne, gonakinmu a jere. Baba bai iya dogon wa'azi ba. In ya miƙe ranar Lahadi, kafin ka gyara zama ya rufe Littafi ya jawo garayarsa. Da garayar nan ya raine mu, da ita yake zuwa duba marasa lafiya, har ma'aurata in sun yi faɗa sai ya zaunar da su ya yi musu waƙa tukuna, ya ce zuciya ta sauko sannan a yi magana.

Akwai wata waƙa da ya tsara da kansa tun kafin a haife mu. Kullum da asuba yake yin ta a tsakar gida muna barci, mu kuma a majami'a muka koye ta. A tsakiyarta akwai inda yake cewa, "Ka tashe ni, Ubangiji, ka ta da maƙwabcina." Yana kai wa nan sai ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyar garaya, ya yi tsit. Ba ɗan shiru na jan numfashi ba, dogon shiru ne wanda baƙo zai ɗauka an gama har ya fara laluben takalminsa. Can sai ya ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya zuba min son jin ƙwaƙwaf. Na tambaye shi dalilin shirun nan ya fi a ƙirga. Amsarsa ɗaya ce, ya yi murmushi ya ce, "Waƙa ma tana son ta sha ruwa." Na san zolayata yake yi, kuma hakan ya fi komai ba ni haushi.

Da ya rasu, cikin damina ne, gero ya fara fitar da kai. Na taho daga Ɗambatta inda nake koyarwa, ƙanena kuma ya iso daga Kano da ƙungiyar mawaƙan cocinsu, da piyano da janareta. Ƙanen nan nawa ya gaji muryar Baba, ya kuma gaji taurin kan kakanmu. Suna bitar waƙoƙin jana'iza a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai na ji sun zo wurin shirun sun wuce shi fuu, ko waiwaye babu.

Inna tana ɗaki cikin mata masu zaman makoki. Tun da aka yi rasuwar ba wanda ya ga hawayenta, ba ta kuma cewa komai sai amsa gaisuwa. Amma sai ga ta a bakin zaure, ta kira ƙanena ta ce, "Kun tsallake."

Ya ce, "Inna, manyan baƙi za su zo gobe, har da fastoci daga birni. In muka tsaya haka kawai za a ɗauka mun manta baitin ne. Ni ba zan kunyata Baba a ranar jana'izarsa ba."

Ta dube shi ta ce, "To, in haka za ku yi ta, ku je ku binne ubanku. Ni ina ɗakina."

Wanda ya san Inna ya san ba ta maimaita magana. Nan take na hango gobe ana saka Baba a kabari matarsa tana gida, garin nan kuma da bakin mutane. Na bi ta ɗaki na durƙusa na ce ta faɗa mana dalilin shirun, in yaron nan ya ji zai haƙura. Ta ce, "Ba sirrina ba ne. Mai shirun yana nan da ransa, in ya ga dama ya faɗa."

Mai shirun! Ashe har mai shi gare shi. A ranar, Allah ya gafarta min, son sani ya kusa danne min baƙin ciki. Na shiga bin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Gwaggonmu ta ce ciwon ƙirji ne ya taɓa kama shi yana saurayi. Dattijon majami'a ya ce addu'a yake yi a zuci. Wani abokin nomansa ya rantse cewa baitin ne ya ɓace masa tun farko, kunya ta hana shi faɗa. Kowa da tasa, kuma ba wadda ta zauna min, don ba wadda ta nuna min mai shirun da Inna ta ce yana raye.

Da la'asar sakaliya sai ga tsohon ladanin masallacin unguwarmu ya dogaro sanda ya zo gaisuwa. Katangarmu ɗaya da shi, Baba Malam muke ce masa, ya daɗe da barin kiran salla saboda murya ta tafi. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ce, "Ya haƙuri, 'yar nan? Allah ya ba ku dangana." Daidai lokacin mawaƙan suka sake ɗauko waƙar, suka sake tsallakewa. Sai na ga tsohon ya ɗaga kai da sauri, ya ce, "Af! Sun shige min wuri."

Na ce, "Baba Malam, wurinka kamar yaya?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ke duk wayonki, wa kike tsammani maƙwabcin da ake roƙon a tayar?"

Na yafito ƙanena da hannu, ya zo yana cin magani ya tsuguna. Tsohon ya ce lokacin da aka ba shi ladanci yana sabon ango, barci gare shi kamar gawa. Ya makara sau da yawa har liman ya ce saura ƙiris a ba wani. Abin ya ishe shi, ya rasa wa zai gaya wa, sai ya gaya wa Baba a gona. Washegari da asuba sai ya ji garaya a jikin katangarsa, da murya kamar za ta ɗaga jinka. Baba ya yi ta maimaita baitin nan har ya ji ladan ya fita ya yi alwala ya yi gyaran murya a bakin masallaci. Sannan ya kashe garayar, ya jira ladan ya kira salla ya gama, ya ƙarasa waƙarsa.

"Haka muka yi ta yi har furfura ta fito mana," in ji shi. "Na roƙe shi kada ya faɗa, don in aka ji Kirista ke tashin ladan, ni da shi duk ba za mu sha da daɗi ba. Bai faɗa ba kuwa. Yanzu na tsufa da jin kunya, ku gaya wa wanda kuka ga dama."

Kiran sallar nan mun tashi muna jin sa kamar carar zakara, ko sau ɗaya ban taɓa haɗa shi da waƙar Baba ba. Ƙanena ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke. Can ya ce, "To Baba Malam, gobe ta yaya zan san tsawon shirun?"

Ya ce, "Cikin majami'a dai ba zan shiga ba, ka sani. Amma zan tsaya a bakin taga. In kun yi shiru zan kira a zuciyata, in na gama za ka ji tarina."

Washegari majami'a ta cika har waje. Inna ta zo, ta zauna a gaba kusa da akwatin. Da aka kai baitin, ƙanena ya ɗauke hannunsa daga piyano, wurin ya yi tsit. Na ga baƙin birni suna kallon juna, wani fasto har ya buɗe baki zai ce amin. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Ta taga ina hango rawanin tsohon, kansa a sunkuye, leɓensa na motsi. Shirun ya yi tsawon da ban taɓa jin ya yi ba, domin tsohon ma kuka yake yi. Da tarin ya zo, kafin mawaƙa su buɗe baki Inna ce ta ɗauki baitin gaba, muryarta na karyewa, hawayen da ta riƙe kwana da kwanaki suna zuba. A nan ni ma na fashe, ban kuma damu da wa ke kallona ba.

Tun daga ranar na daina saurin gyara abin da na tarar manya suna yi don kawai ban gane shi ba, sai na tambaya, in ba a ba ni amsa ba in ƙara tambaya. Na kuma gane cewa duk waƙoƙin da Baba ya yi mana a kan ƙaunar maƙwabci, wanda ya fi aikata ta a ciki shi ne wurin da ya rufe bakinsa don wani ya samu ya buɗe nasa.