Ranar da 'Yan Wasagu Suka Yi wa Haggai Huɗa

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Haggai hannu da hannu bai manta ba. Tafinsa faɗi gare shi kamar faifai, ga kanta, in ya damƙe naka sai ka ji kana neman gafara ba ka san laifin da ka yi ba. Manomi ne a gefen Zuru, ɗan manomi. Yayyensa biyu sun tafi soja, shi ya tsaya wa gona. Abin da ya fitar da sunansa daga unguwarsu shi ne tsaron raga, da kuma wata Asabar ta daminar 1977.

Yayansa Solomon ne ya dawo daga bariki da wata tsohuwar ƙwallon fata duk faci. Haggai ya ɗauke ta ya kai wa abokan golmonsa. A ƙasar nan daɗin baki ba ya ba saurayi mata. Sai ya yi golmo, wato ya yi wa uban yarinya noma shekara bakwai, shi da tsararrakinsa, yau gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan. Su goma sha ɗaya ne cif a ƙungiyarsu, sai ka ce da gangan aka ƙirga. Suka share wani fako, suka kafa gora a matsayin raga, suka fara bugu babu takalmi. 'Ya'yan sojoji na cikin gari suka laƙa musu suna Garma don ba'a. Haggai ya ce sunan ya yi masa daɗi, suka riƙe abinsu.

Gasar garin a hannun Fidelis take, mai kantin kayan keke a bakin kasuwa, mutumin kirki mai son tsari. Da ƙungiya shida ya fara, ana bugawa da rani, kafin ruwan farko an gama. Sai abin ya karɓu. Dabai ta ce tana ciki, Ribah ta aiko, Kanya da Wasagu suka aiko. Ƙungiyoyi suka kai sha huɗu, aka raba su rukuni biyu, na sama da na ƙasa. A ƙarshen shekara na kashin baya a sama zai kara da zakaran ƙasa, wasa ɗaya tak. Wanda ya ci shi ne a sama.

Sai dai wasanni sun yi yawa, suka malala har cikin damina. Fidelis kalanda yake dubawa, bai taɓa ɗaga kai ya dubi hadari ba. Da rani Garma ce ta uku. Ruwa na sauka 'yan wasanta suka watse gonakin surukai, aka yi ta ba abokan karawarsu maki a banza, har suka wayi gari su ne na ƙarshe. Aka sa ranar karawarsu da Wasagu, zakaran ƙasa: Asabar, ƙarfe huɗu.

Ranar nan kuwa ita ce tsoho Mika, uban Bilki budurwar Haggai, ya kira huɗar dawarsa. Shekarar Haggai ta bakwai ke nan a golmo, Bilki kuma tun tana tallan gyaɗa ta ce shi take so. Ya je kantin Fidelis ya roƙa a ɗaga wasan.

"Takarda ya riga ya tafi Wasagu," in ji Fidelis. "Haggai, ka faɗa wa baba ya bari sai Litinin mana. Gona zai gudu?"

Haggai ya yi murmushi kawai. Ina aka taɓa jin ɗan golmo ya sa wa suruki rana? Ya fito zuciyarsa a dagule. Shi ya share filin nan, shi ya kai Garma sama, ga shi za ta faɗi ba a ko taɓa ƙwallo ba. Ya tara mutanensa ya ce abu ɗaya ya rage: a gama gonar kafin ƙarfe huɗu. Suka dube shi. Kowa ya san gonar Mika aikin kwana biyu ce.

Gari na wayewa suka duƙa. Ba kiɗa, ba hira, sai ƙarar garma tana shiga ƙasa tana fita. Bilki ta kawo kunu ta ajiye a gindin ɗorawa, babu wanda ya waiwaya. Tsoho Mika yana zaune a kan kututture, yana bin kowace kunya da ido, wadda ba ta yi masa ba ya nuna da sanda a sake. Rana ta take tsaka, Haggai ya miƙe ya duba gaba. Ko rabi ba su kai ba. A nan ya san an gama da su.

Sai ya hango mutane a kan turba, sun jero, sanye da shuɗɗan riguna masu lamba, kowa da garmar aro a kafaɗa. Ya goge zufa ya sake dubawa. 'Yan Wasagu ne. Motarsu ta iso da wuri, Fidelis ya ce musu su huta a inuwa, ƙarfe huɗu na yi za a rubuta musu nasara. Kyaftin ɗinsu Kefas, mai lamba tara, wanda bara ya gama nasa golmon, sai ya tambayi hanyar gonar.

Ya durƙusa ya gai da Mika tukuna, sannan ya juyo. "Kai ne Haggai? Mun ji labarin hannunka. Mu ba takarda munka taho ci ba. Ina kunka tsaya?"

Haggai ya nuna masa da hannu.

Waɗanda suka ga aikin nan har yau in suna ba da labari sai sun rage murya. Mutum ashirin da biyu a jere, baya a duƙe, ƙasa tana tashi tana kwanciya gaba ɗaya. Makwabta suka bar nasu gonakin suka zo kallo. Mika, da ba a taɓa ganin ya tashi don ɗan golmo ba, ya miƙe tsaye, sandarsa ta faɗi bai ɗauka ba. Kafin inuwar ɗorawa ta kai bakin turba, an tayar da kunyar ƙarshe.

Da gudu suka isa fili, laka har gwiwa, ba ka bambanta mai riga da mara riga. Alƙalin wasa ya riga ya sa usur a baki yana kallon agogo. Haggai ya tsaya tsakanin gorarsa biyu, sai a lokacin ya lura hannun nan da ake tsoro ya fashe, jini yana bin yatsu. Ya shafa wa hannun ƙasa.

Kada wani ya zaci 'yan Wasagu sun zo da tausayi cikin fili. Ruwan ƙwallo suka yi masa. Ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, ya ture wata da ƙafa, har fatar ƙwallon ta yi ja-ja, 'yan kallo suka daina ihu suka zuba ido. 'Ya'yan sojojin da suka raɗa musu suna su ne suka fara kiran "Garma" da gaske. Saura minti uku Kefas ya samu ƙwallo shi kaɗai. Bai yi wata-wata ba, ya ɗirka ta da duk ƙarfin da gona ta bar masa. Haggai ya tashi, ya same ta da hannu biyu. Ta zame ta shige.

Garma ta faɗi. Haggai ya zauna a bakin raga ya yi kuka a gaban kowa, ƙato da shi, bai ɓoye ba. Kefas ya tsaya a kansa ya kasa murna.

Da kaka aka kai Bilki ɗakinta. Amma tun kafin nan, sati biyu bayan wasan, Kefas ya fito da safe a Wasagu zai tafi maimai, ya tarar da mutum goma sha ɗaya a cikin dawarsa, har sun ci kunya shida. A kan buhunan wata motar kasuwa suka zo.

"Ni hwa na hidda ku," in ji Kefas.

Haggai bai ɗago ba. Hannunsa naɗe da tsumma, ya ce, "Mun sani. Baɗi ka shirya. Yanzu matsa, kana taka mini shuka."