Daddawa a Sabuwar Jif

Ban san sunansa ba. Ina zaune a dakali kusa da Ƙofar Galadima, sai ga baƙar jif tana kutsowa lungu a hankali, madubanta na neman shafar katanga. Ko ledar kujerunta ba a cire ba. Mai tuƙin dattijo ne siriri, hularsa ta koɗe, hannunsa ɗaya na waje yana dafe da ƙofa, riƙon wanda ya tsufa yana jan motar kaya.

Ya tsaya gaban wata tsohuwa mai kwandon daddawa, da ke jiran motar ƙauye.

"Iya, yau ba gaisuwa?"

Ta ƙura masa ido. "Alhaji! Ina a-kori-kurar tamu?"

"Yara sun ƙwace, wai bayana ya gaji. Shigo mu tafi."

"Ni da daddawa a wannan ɗakin amarya? Warin sai ya kai Sallah."

"To, da me ake kaɗa miyar gidana?"

Ina jin ya sha ɗaukar ta a bayan waccan motar, tsakanin buhuna, kuma tsoronsa kada sabuwar ta raba shi da mutanensa. Ya fito, ya ɗora kwandon bisa kujera da kansa. Tsohuwar ta tuɓe silifas a bakin ƙofa, kamar mai shiga masallaci.

Ina kallo, dattijon ya durƙusa da farar rigarsa, ya tura mata su gaban ƙafa.

"Sa abinki, Iya. Motar ma ƙasa take takawa."