Takunkumi Ɗaya a Ɗakin Hoda

Saura kaɗan in fasa wannan rubutu. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko a cikin gida ba a cika jin muryata ba. Tarin Babanmu ne ya hana ni yin shiru.

Tun ina goye yake aikin fentin hoda a gareji ɗaya. Shi ke fara zuwa, ya kunna tanda ta ɗauki zafi. Sai ya kankare tsatsar ƙarafan taya da bamba, wato ƙarfen gaban mota, har su yi fari, ya rataye su a ƙugiya. Ƙarfen da ya wanke ba a taɓa shi da hannu, don ya ce maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya ɓare fenti. Daga nan ya maƙala wa ƙarfen waya, ya feshe shi da busasshen garin fenti, lantarki ya riƙe garin, a tura tanda ya narke ya fito kamar tangaran. Direbobi sun shaida mota kan tsufa ta mutu, fentinsa na nan. Suna tsokanarsa wai mai yi wa amaren ƙarfe kwalliya, shi kuma ya ce nasa amaren dai ba sa yaji.

Amma ba duka garin ke manne wa ƙarfe ba. Ni ke wanke kayan aikinsa, daga ruwan wanki nake gane kalar da ya fesa ranar. Daga baya na fara ganin kalar a hankicin da yake tari a ciki.

Takunkumi mai tace iska guda ɗaya ne a wurin. Baba ya yi ta roƙon ubangidansu ya ƙaro, kullum amsar ita ce sai kasuwa ta buɗe. Sai Baba ya kafa doka: wanda ya fi kowa ƙuruciya a ɗakin feshi, shi ke sa takunkumin. Shi kuwa ya ɗaure hanci da tsumman tsohuwar riga. Wani da ya koyi aiki a hannunsa ya gaya min ya taɓa miƙa masa takunkumin don kunya, Baba ya ture hannunsa.

"Sa abinka, ɗan nan. Nawa ƙirjin ya riga ya gasu."

Baba, kai ne ka yi wa ƙarfe riga har tsatsa ta kasa cinsa, ka bar naka ƙirjin a buɗe. Yaran da ka ba numfashinka sun buɗe nasu wuraren, suna hawa bene da gudu. Kai kuwa daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai ka huta a hanya.

Da likita ya ce Baba ya bar aikin, ubangidan ya tara ma'aikata, ya sallame shi da yadin ɗinki da lemon kwalba. Ya yi dogon jawabi, ya kira shi ginshiƙin gareji. Cikin waɗanda Baba ya koyar, waɗanda suka zo ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sannan, wai don karamci, aka ce an ba Yayana gurbinsa. Aka yi tafi. Baba ya yi godiya har da rusunawa.

Da muka koma gida sai na ga ya ninke tsumman nan ya miƙa wa Yaya. Ya ce akwai ƙananan yara a wurin, kada ya karɓe musu takunkumi.

Mun gode, Baba, Allah ya saka maka da abin da mutane suka kasa. Masu sana'a, ku yi koyi da hannunsa da tausayinsa. Haƙurinsa kuwa ku bar masa, mun ga inda ya kai shi.

Washegarin sallamar na riga Yaya tashi. Na zare tsumman daga aljihun rigarsa, na taka har gareji. Na samu ubangidan yana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye tsumman kusa da kofinsa.

"Baban naki ne ya aiko ki?"

"A'a, ranka ya daɗe, ni na kawo kaina. Gidanmu ya ba da ƙirji ɗaya. Yaya ba zai zo ba sai kowa ya samu takunkumi."

Kofinsa kawai ya janye, kada hoda ta faɗa ciki. Na tashi na bar masa tsumman a kan teburin.