Lambar Waya Ɗaya, Tsofaffi Biyu

Ni na tsara rajistar marasa lafiya a kwamfutar wani ƙaramin asibiti a Gumbihini, kuma ni da kaifin basirata na kafa mata doka cewa lambar waya ba za ta shiga sau biyu ba. Sai ka ce ban san tsofaffinmu ba. Wace tsohuwa ce ke da waya? Lambar ɗanta take bayarwa.

Likitocin ido sau ɗaya suke zuwa a shekara, ranar kuma da azahar za a rufe jerin waɗanda za a cire wa yanar ido. Na ɗauko goggona daga Gumani a bayan babur, tana riƙe da rigata gam. Shekara biyu ke nan ba ta gane fuska sai murya.

Nas ɗin da ke kan rajista, 'yar kudu ce mai Hausar kasuwa, ta buga lambar da Goggo ta haddace, ta ɗago kai ta kira ni da irin 'maigida' nasu. "Massa, kwamfuta ya ƙi. Ya ce lamba na ciki."

Na karɓi kujerar. Na soke dokar, na sake gwadawa. Ta ƙi. Na kashe, na kunna, ta ƙi. Bayanmu mutane sun fara tsaki, gumi na ɗiga kan madannai. Wallahi tsoro ya kama ni, kaina ya toshe, abin da na gina da hannuna ya gagare ni.

"Ɗana, ko mu koma gida?" in ji Goggo.

"A'a, Goggo, zauna."

Na nemo mai lambar. Tawa ce, a layin mahaifiyata cikin rajistar, wadda ta rasu bara. Ni na rubuta ta ranar da na fara kawo ta, ban taɓa buɗe layin ba tun rasuwarta. Ladan ya fara gyaran murya a lasifika. Na goge lambata daga gaban sunanta, na sa wa Goggo, nan take ta shige.

Sai washegari na gano mai laifin. Ban da dokar, na taɓa yin wani fihirisa daban don saurin bincike, shi ma na hana shi karɓar maimaici, na manta. Soke doka ba ya taɓa shi. Umarni ɗaya ya isa ya cire shi.

An yi wa Goggo aiki, yanzu tana gani. Na cire fihirisar tuni, amma har yau na kasa buɗe layin mahaifiyata in cike gurbin. Duk wanda ya duba zai ɗauka ba ta da kowa.