Wata Ya Yi Zazzaɓi, Ni Na Rasa Rijiya

Ban yi boko mai nisa ba, ban kuma iya ƙawata magana ba. Abin da ya faru zan faɗa, wanda ya ji haushi ya ji.

Shekarun farko bayan an ba mu Jihar Kebbi ina da lambun albasa a fadama, wajen Gehuru. Nawa ne na can ƙarshe, nesa da gulbi. Da jigo nake ban ruwa daga wata tsohuwar rijiya mai ƙafewa tun rani bai kai ko'ina ba. In ta ƙafe sai mu koma ga taubashina, ɗan kawuna, wanda yake da injin ban ruwa a bakin gulbi. Ya ba ka ruwa, ranar cirar albasa ya zo da hannu a aljihu ya nuna fangalin da ya fi kyau ya ce nasa ne. Haka yake yi wa duk mu na ƙarshen fadama.

Ƙarshen wata damina sai aka kawo wani ɗan ƙasar Sin da injin haƙa rijiyar bututu. Ya gama da wajen Sabiyal ya sauko gare mu, yana bin lambu lambu. Har ya zo ya kafa turke a nawa, alamar nan za a haƙa. Ni na san abin da turken nan yake nufi: in sha ruwana, in cire albasata, kowa ya kama gabansa.

Mutumin siriri ne, ga furfura, ba ya da surutu. Direbansa, wani mutumin Maiyama mai ɗan Turanci, shi ke yi mana tafinta. Wata rana da marece na kai musu ɗanyar masara, na tarar ɗan Sin ɗin ya kafa wani madubin hangen nesa a kan ƙafafu yana jiran wata ya fito. Ya gutsuro mini wata kewayayyar waina mai zaƙi. Direba ya ce, "Wai jibi sallarsu ce ta cikar wata. Wai mawaƙansu na dauri, in sarki ya tura mutum aiki nesa da gida, sai ya zauna ya dubi wata ya tsara wa iyalinsa waƙa, don ya san su ma watan suke kallo. Wai shi ma matarsa da ɗiyarsa na can."

Na ce, "Ka ce mishi mu nan wata na azumi ne da salla, da mai tafiyar dare."

Da direba ya fassara masa, ya yi dariya. Sai ya ƙara da cewa bana ranar sallar tasu za a kama wata. Ya ɗauko albasa babba da ƙarama, ya haska tocila, ya gitta babbar a tsakani har inuwarta ta rufe ƙaramar. Wai babbar duniya ce, tocila rana. Wai lissafi ne, an san lokacinsa tun da daɗewa. Na ce Allah ne masani, na tafi gida.

Direba shi ya kai labarin teburin mai shayi, don a ce ya san abu. Washegari taubashina ya tare ni a bainar jama'a.

"Ɗan gwaggo, an ce ka ci wainar tsafi! Abokin nan naka hwa wata shika bauta ma. Gobe kai ma mu ganka duƙe."

Aka yi dariya. Na ce, "Kai da ka bauta ma inji, mi kaka faɗi?" Aka sake dariya. Wasan taubasai ne, haka muka gada, ya zage ka ka rama, ba mai fushi.

Ranar kuwa wata ya fito da gutsure a gefe. Kafin lisha ya yi jajir kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Mata suna salati, ana buga kwanoni da gwangwani cikin unguwa, wai rana ta saki wata. Liman ya ja mu sallar husufi. Da ya sallame ya faɗa da bakinsa, kowa na ji, cewa wannan aya ce ta Ubangiji, ba aikin wani mahaluki ba, kuma malaman hisabi ma suna sanin lokacinta. Wa ya saurare shi? Muna neman takalma taubashina ya ɗaga murya.

"To jama'a, wa yac ce za a yi? Kuma wa ka zaune yanzu hwadama ya saita ma wata bindiga?"

Ba da fuskar wasa ya faɗa ba. Ina kusa da shi, na ga idonsa.

Garada ne suka tafi, masu gemu, masu iyali, har da waɗanda aka riga aka haƙa wa rijiya. Na bi su a guje ina cewa ku ji tsoron Allah. Muka tarar da bawan Allah zaune kan tabarma shi kaɗai, da wainarsa da butar shayi. Da ya ga taro sai ya miƙe yana murmushi yana nuna madubin, yana tsammanin kallo aka zo. Dutsen farko a goshi ya same shi. Aka karya madubin, aka fasa gilashin mota, wani ɗan banza ya ɗura wa injin haƙa yashi. Direba ya sheƙo da jin hayaniya, ni da shi muka tura baƙon cikin mota jini na zuba a rigarsa. Kafin wata ya washe an gama ɓarna.

Ba mu sake ganinsa ba. Aka zo daga Jega aka ja injin. Na yi ta sintiri ofishinsu a Jega ana ce mini in dawo, har na gane ba wanda zai sake turo mutum inda aka jefi baƙo.

Na kai ƙara gaban dattawan gidanmu. Taubashina ya zauna yana sakace, ya ce, "Haba, Baffa, wasa nike da ɗan gwaggo. Yaushe anka hana?" Babban cikinsu ya dube ni ya ce, "Kai ma dai. Ana ƙarar taubashi? Tashi ka ba mutane wuri." Wasa! An fasa wa mutum kai, an kashe mana ruwa, a ce wasa. Da bare ne ya yi, da an kai shi gaban alƙali.

A gabansu na rantse ba zan ƙara shan ruwan injinsa ba. Na yi dashe da jigo, rijiya ta ƙafe lokacin da albasa ta fara ƙwai. Taubashina ya aiko har gida wai in zo a shirya, na kori ɗan aiken. Ina tsaye ganye ya kwanta, ya yi fari, ya bushe fangali bayan fangali. Matata ta ce taurin kaina ne ya ja. Wataƙila. Amma ba ni na jefa dutse ba.

Shekara ta zagayo na bar lambun, na koma dako a kasuwar Aliero. Albasar wasu nake ɗora wa manyan motoci, har da tasa, tun ina da ƙarfi har bayana ya sunkuye.